Sun Ce Amin

Kofin koko ne ya fara faɗuwa, sannan Martha ta bi shi. Rhoda tana tsugune a bakin murhu tana tsame ƙosai, ta waiwaya ta ga 'yarta a ƙasa, ƙafafu suna shure-shure, idanu sun kafe sama, kumfa tana fita ta gefen baki. Ta saki matsamin cikin mai.

"Baban Martha! Fito! Ta sake!"

Nathan ya fito da takalmin aiki a ƙafa ɗaya, ɗayar ba komai. Ya sunkuci yarinyar ya yi bakin titi da gudu yana kiran mai Keke. Masu jiran ƙosai suka dare suka ba shi hanya, ba wanda ya tambayi abin da ya faru. A wannan layi na Makera kowa ya sani. Karo na uku ke nan cikin wata biyu, kuma ba Martha kaɗai ba ce.

A asibiti, da jijjigar ta lafa, aka ɗebi jininta aka ce su dawo bayan kwana huɗu. Ranar da suka koma likita ya daɗe yana kallon takardar sakamakon, sannan ya dubi yarinyar, 'yar shekara biyar, tana zaune a cinyar uwarta tana kallon bango.

"Ina kuke zaune?"

"Makera," in ji Nathan. "Bayan gidan batir."

Likitan ya ajiye biro.

Gidan batir wani tsohon sito ne na masaƙar da ta mutu tun Rhoda tana yarinya. Shekara uku da suka wuce wasu suka kama shi haya, suka gina tanderu, suna sayen matattun baturan mota suna fasawa suna narka dalmar da ke ciki. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan su Rhoda. Hayaƙinsa ba baƙi ba ne, fari-fari ne, har da ɗan zaƙi a maƙogwaro, shi ya sa da farko ba wanda ya ji tsoronsa. Kaji ne suka fara mutuwa. Sai gwandar bayan ɗaki ta bushe. Sai yara suka fara kukan ciwon ciki.

"Gubar dalma ce," in ji likita. "Zan ba ta magani, zai rage wadda ke jikinta. Amma in tana sha da safe tana shaƙar hayaƙin da yamma, aikin banza muke yi. Ko ku tashi daga wurin, ko a kashe wutar nan. In ta ƙara wata uku a haka, abin da zai taɓu a kanta ba zai dawo ba. Kun ji ni?"

Suka ce sun ji. Amma su tashi su je ina? Gidan na mahaifin Nathan ne, da gumin masaƙa ya gina shi, kuma tsohuwarsa tana ciki, ko ƙofar gida ba ta iya zuwa. Ƙauyensu kuwa tun harin da aka kai ba wanda ya koma, 'yan uwan ma su ne ke zuwa Makera neman wurin shimfiɗa tabarma. Akwai kuma abin da Nathan bai faɗa wa likita ba. A gidan batir ɗin yake aiki. Shi ne mai fasa baturan da gatari.

* * *

Ranar Talata da la'asar matan zumunta suka taru a coci kamar kullum, amma ba a yi waƙa ba. Mama Scholastica, uwar zumunta, ta zauna a kan benci ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana shara da kai saƙo a wata ma'aikata kafin ta yi ritaya, don haka in ta yi maganar ofis kowa shiru yake yi.

"Mun je wurin mai unguwa, ya ce abin ya fi ƙarfinsa," in ji ta. "Mun je wurin manajan gidan batir, ya ba mu lemo."

"Lemon ma mai zafi," in ji Juliana mai sayar da gwanjo. "Ko firij ɗinsa ba mu isa ya buɗe mana ba."

"Juliana, bakinki. Abin da ya rage majalisar dokokin jiha. Ana rubuta musu takardar koke, mutane su sa hannu, a karanta a zaure gaban kowa. In an karanta, dole su tura kwamiti ya zo ya gani da ido. In suka ga yaran nan, wutar nan ba za ta kwana ba."

Vicky mai shagon buga takardu a bakin titi ita ta rubuta da Turanci. Mata suna faɗa, tana juyawa. Aka sa sunayen yara goma sha ɗaya, aka sa abin da likita ya ce, aka sa kaji da rijiya. Kwana tara ana yawo da takardar gida-gida. Mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Matan layin masallaci ma suka dangwala, don hayaƙin bai san katangar kowa ba. Mutum ɗari da arba'in da uku.

Mazan da ke aiki a gidan batir duk suka noƙe. Rhoda ba ta roƙi mijinta ba. Ita dama ba mai yawan magana ba ce, ko a zumunta a layin baya take zama. Ta dai ajiye takardar a kan tebur kusa da tuwonsa ta koma gefe.

Nathan ya daɗe bai taɓa tuwon ba.

"Kin san in oga ya ga sunana, shi ke nan."

"Na sani."

"To me za mu ci?"

A tsakar gida Martha tana zaune da 'yar tsanarta a hannu. Da can ita ce ke cika gidan da surutu, ita ke kwaikwayon muryar kakarta har tsohuwar ta kai mata duka da mafici. Yanzu kalmominta sun ragu kamar ana ɗebe su da cokali. Ruwa. Mama. Zafi. Nathan ya leƙa ta taga ya kalle ta, ya goge hannunsa a wando, ya ɗauki biro.

Da aka zo wanda zai kai, Mama Scholastica ta nuna Rhoda.

"Mama, ni ba na iya magana gaban manya."

"Ba magana za ki yi ba, 'yata. Fuskarki za su gani. Taki ce ta fi jin jiki."

* * *

Tafiyar farko su biyu suka yi, ita da Mama. Suka hau bas suka haye gada suka shiga cikin gari, suka sauka suka taka sauran da ƙafa, Mama tana ɗingishi. A ƙofar majalisa mai gadi ya duba ambulan ɗin ya miƙo musu.

"Ba haka ake yi ba, Mama. Talaka ba ya kai koke da hannunsa. Sai ɗan majalisarku ya sa hannu a kai, shi zai tashi ya gabatar. Wane ne naku?"

"Honarabul Wilson," in ji Mama.

"To ku nemo shi."

Neman Honarabul Wilson ya ci sati uku. Ofishinsa na mazaɓa a rufe yake, akuya tana kwance a bakin ƙofa. A gidansa aka ce ya tafi Abuja. Da ya dawo daga Abuja aka ce yana taro. Gwiwar Mama ta kumbura ta kasa fita, sai Rhoda ta ci gaba da zuwa ita kaɗai, ta bar ƙosai, ta bar Martha wurin kakarta. A ƙarshe ta tare shi a wurin wata jana'iza a unguwar Romi, yana shirin shiga mota. Ta durƙusa ta ɗaga ambulan da hannu biyu. Mutane suna kallo, sai ya karɓa. Ya leƙa shafin ƙarshe, ya ga yawan yatsun da aka dangwala, fuskarsa ta saki. Zaɓen fid da gwani ya kusa.

"Mutanena na Makera! Ai wannan aikina ne. Alexander, karɓi lambarta." Alexander, yaronsa mai riƙe masa jaka, ya matso da waya. Honarabul ya mayar mata da ambulan ɗin. "Ki kai ofishin koke-koke su duba in ya cika ƙa'ida, sai ki kawo in sa hannu."

Ofishin koke-koke wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, fayil a kan fayil har kusa da silin. Mai ofishin, Malam Auwal, dattijo ne mai furfura a gemu da tabarau a kan hanci. Shi ne mutum na farko a ginin nan da ya ce mata ta zauna. Ya karanta takardar da yatsa, layi-layi, yana gyaɗa kai.

"An aike wa Kakakin majalisa, daidai. An yi da ladabi, ba zagi. Maganar ba ta gaban kotu ko?"

"A'a, Baba."

"Madalla. Allah ya ba yaran nan lafiya." Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ɗago kai. "Amma Madam, babu prayer."

"Na'am?"

"Prayer. Koke ba ya shiga zaure sai an rufe shi da prayer. Ita ce ma kan gaba. Sauran bayanin Honarabul taƙaitawa zai yi, amma prayer dole ya karanta ta gaba ɗaya da bakinsa. Kuma sa hannun mutane sai ya biyo bayanta, don a san sun ga abin da suka sa wa hannu. Wannan sai an sake." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya rufe bakinta da tafin hannu. "Kin gane ko?"

"Na gane, Baba."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Turancinta kaɗan ne, a aji huɗu ta bar makaranta, amma wannan kalma ta san ta tun tana goye. Kowace Lahadi tana jin ta. Ta so ta tambaye shi doguwa ake so ko gajera, amma yana magana a waya, kuma wani mai kwat ya riga ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon agogo. Ta tattara takardunta ta yi godiya ta fita. A bas har ta ji wani sanyi a ranta. Duk wahalar da ta sha a ginin nan, ashe mutanen ciki ba sa fara aiki sai da sunan Allah.

* * *

"Addu'a?" in ji Mama Scholastica. Ta tafa hannu. "Ashe 'yan siyasa ma sun san akwai Allah! Kai, mu ma mun yi wauta. Yaya za mu rubuta takarda mai nauyi haka mu manta da Mai Sama?"

"In addu'a suke so ai sun zo gidanta," in ji Juliana. "Ita kaɗai ce ba a ɗauke mana kamar wuta. Vicky, gyara zama, yau sai injinki ya yi zafi."

Suka cika ɗan shagon, wasu a tsaye a waje. Kowa da abin da take so a sa. Wata ta ce a fara da Zabura, wata ta ce a sa wuta ta sauko kan manaja, Mama ta ce ba a la'anta a takardar gwamnati. Rhoda tana rakuɓe a jikin ƙofa. Can ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Mama, matan layin masallaci ma za su dangwala. Kuma a majalisar akwai Musulmi da yawa. A yi wadda kowa zai iya cewa amin."

Mama ta dube ta.

"Kun ji wadda ta ce ba ta iya magana ba."

Haka aka yi. Vicky ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafi, ta ja layi a ƙarƙashinta. Aka fara da Allah Mahaliccin sama da ƙasa, wanda ya ba da yara kuma ya san adadin gashin kansu. Aka roƙe shi ya dubi hawayen uwaye, ya tsarkake iska da ruwan rijiya, ya ba shugabanni lafiya da hikima da tsawon rai. Da aka kusa gamawa Mama ta ce Rhoda ta sa nata layin. Rhoda ta murza bakin zaninta.

"A ce ya dawo wa Martha da bakinta."

Vicky ta buga, tana share hanci da bayan hannu.

Zagaye na biyu bai yi sauƙin na farko ba. Labari ya riga ya kai gidan batir. Ranar Litinin Nathan ya je aiki mai gadi ya tare shi a ƙofa, ya miƙo masa kwanon abincinsa da tsohuwar rigarsa, ya ce oga ya ce ya je majalisa ta ba shi aiki. Daga ranar ƙofofi suka fara rufewa. Matar da mijinta ke tuƙa motar kamfanin ta ce yatsanta yana ciwo. Mai shagon da ma'aikata ke cin bashi a wurinsa ya ce ya yi sau ɗaya, ya isa. Wani tsoho ya dangwala, ya ce wa Rhoda, "Wannan ne na ƙarshe, 'yata. Kada ki sake kawo mini." Sati biyu suna yawo, suka samu mutum sittin da takwas.

A cikin kwanakin nan Martha ta sake faɗuwa. Da ta farfaɗo, kalmar ruwa ta tafi. In tana jin ƙishi sai ta je ta tsaya a gaban randa.

* * *

Alexander ya kira ranar Laraba ya ce ta zo gobe da sassafe, gobe ne zaman ƙarshe kafin hutu. Wata biyu ke nan cif da maganar likita.

Ta sa zanin zumunta, ta ɗaura sabon kallabi. A ƙofa Alexander ya fizge ambulan ɗin yana tafiya yana buɗewa.

"An sa prayer ɗin?" Ya ga kalmar da manyan baƙaƙe. "Yauwa. Correct."

"Ba za a kai wa Baba na ofis ya duba ba?"

"Madam, wane lokaci? An riga an sa mu a jerin aikin yau. In muka tsaya dubawa sai bayan zaɓe."

Honarabul ya sa hannu a kan bayan motarsa, waya a maƙale a kunne. Aka ba Rhoda wata 'yar takarda ta rataya a wuya, aka hau da ita bene inda 'yan kallo ke zama.

Ba ta taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Sanyi kamar cikin randa, kujeru masu laushi a jere, rabinsu ba kowa. Aka shigo da sandar majalisa, kowa ya miƙe, Kakaki ya zauna a can sama. Aka yi ta Turanci mai sauri wanda ba ta kama ba. Ta ƙanƙame jakarta tana jira. Sai ta ji an ce Makera.

Honarabul Wilson ya miƙe, ya gyara babbar riga. Ya ce yana gabatar da koke daga mutum sittin da takwas na mazaɓarsa, a kan hayaƙin wata masana'anta. Ya ce yanzu zai karanta prayer ɗinsu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya juya shafi, ya ɗaga murya.

Wannan Turancin Rhoda ta gane shi duka, domin na coci ne.

"Ya Allah Mahaliccin sama da ƙasa, Kai ka ba mu yaran nan..."

Ya tsaya. Ya kawo takardar kusa da ido, ya juya bayanta, ya waiwaya yana neman Alexander. Amma ya riga ya fara, zauren kuma ya yi shiru irin wanda bai yi ba tun safe. Ya ci gaba, muryarsa tana raguwa. Hawayen uwaye. Iska da ruwan rijiya. Da ya kai inda aka roƙa wa shugabanni tsawon rai, wani daga kujerun baya ya ɗaga hannu biyu sama.

"Amin!"

Wasu suka amsa. Rhoda ta runtse ido, ita ma ta ce amin a hankali, hawaye suna zubo mata. Ta ji an karanta sunan 'yarta a gaban manyan jiha, ta ji zauren ya ɗauka gaba ɗaya, amin, amin. Sai da ta buɗe ido ta ga dariya suke yi. Wani ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa suna rawa. Wani yana dukan cinya.

Wani mai jar hula ya miƙe. Don kowa ya ji daɗin abin, sai ya juya zuwa Hausa.

"Mai girma Kakaki, ina da magana a kan ƙa'ida. Na saurara da kyau, ban ji inda mutanen Makera suka roƙi wannan majalisa komai ba. Allah suka roƙa. Ina ba da shawara a miƙa takardar ga Wanda aka aike wa, don ba mu da kwamitin da ke zuwa can."

"Kai ka kai, ka fi mu kusa!" wani ya yi ihu.

Dariya ta sake tashi. Kakaki ya buga guduma sau uku, shi ma yana danne tasa. Ya ce koken bai cika ƙa'ida ba, a mayar wa masu shi su gyara. Ya kira abu na gaba. Abu na gaba shi ne tafiya hutu, kuma ba wanda ya ce a'a.

A baranda ta ga Malam Auwal yana tahowa da sauri, ambulan ɗinta a hannunsa. Ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi.

"Madam, me ya sa ba ki dawo wurina ba?"

"An ce ba lokaci." Ta dube shi. "Baba, ba kai ka ce a sa addu'a ba?"

"Innalillahi." Ya dafe goshi. "Prayer a nan gidan ba addu'a ba ce. Roƙo ne. Abin da kuke so majalisa ta yi muku. Ku ce, muna roƙon majalisa ta sa a kashe tanderun nan, a gwada jinin yara. Shi ke nan. Layi biyu."

"Layi biyu."

"Shekara ashirin ina faɗin kalmar nan, ban taɓa tunanin... Na ɗauka kin gane."

"Ni ma na ɗauka."

Ta buɗe jaka ta lalubo biron Nathan.

"To a rubuta yanzu. Ga wuri a ƙasa. Kai ka rubuta, Baba, hannunka ya fi kyau."

"Ba a ƙara komai bayan an sa hannu. Sai an sake bugawa, a sake bin mutane. Kuma ko an yi yau, wa zai karɓa? Sun tashi."

"Sai yaushe?"

"Sati goma. In ba su ƙara ba."

Ta tsaya tana lissafi da yatsu a jikin jakarta, ta kai inda wata ukun da likita ya faɗa suka ƙare, yatsun suka ci gaba. Malam Auwal yana cewa ta yi haƙuri, in an dawo shi da kansa zai rubuta mata. Ta karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, ta ce ta gode.

* * *

Bas yana kan gada wayarta ta yi ƙara. Mama Scholastica ce, bayanta hayaniyar mata.

"Maman Martha! Muna nan ƙofar gidanki tun azahar. An karanta?"

"An karanta, Mama."

"Duka? Har addu'ar?"

"Har ita."

"To me suka ce? Yi magana da ƙarfi, ba na ji!"

Kwandasta yana dukan jikin mota yana kiran masu zuwa Makera. Rhoda ta dubi ruwan kogi ta taga.

"Sun ce amin."

Guɗa ta cika wayar har sai da ta janye ta daga kunne. Tana cewa Mama tsaya, Mama ki ji, amma an riga an kashe.

Tun daga bakin layi ta jiyo ganga da kacau-kacau. Sun fito da bencin coci, sun yi da'ira a ƙofar gidanta, Juliana a tsakiya tana juyi da kallabi a hannu. Har matan layin masallaci biyu suna tsaye a gefe suna murmushi. Da suka hango ta suka yo kanta, wannan ta rungume, wannan ta karɓi jaka, wannan tana goge mata zufa.

"Majalisa guda ta ce amin! Wa ya isa ya tsaya a gaba?"

"Manaja ya fara haɗa kayansa!"

"Ku ba ta ruwa, ta sha hanya!"

Nathan yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga rawar ba. Ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya dubi ambulan ɗin da ke hannunta, wanda ya kamata a ce ya zauna a can. Ya juya ya shige ciki a hankali.

Mama Scholastica ta taso da ɗingishinta, tana riƙe da hannun Martha. An yi wa yarinyar wanka, an sa mata rigar Kirsimeti, an shafa mata hoda.

"Ga Mama ta dawo. Ta je ta yi miki yaƙi. Je ki ce mata sannu da zuwa."

Rhoda ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Martha ta tsaya ta dube ta. Ta dubi kallabin, ta dubi bakin, ta dubi idanun, a natse, kamar yadda take duban masu wucewa a titi. Sannan ta koma bayan Mama Scholastica ta kama zaninta ta ɓoye fuska.

"Kunya take ji," in ji Mama tana dariya. "Ta ga uwarta ta zama babbar mace."

Bayan katanga aka busa jiniyar masu aikin yamma. Juliana ta ɗauki sabuwar waƙar godiya, mata suka amsa, ganga ta ƙara ƙarfi. Rhoda tana nan a durƙushe a tsakiyarsu, hannuwanta a buɗe.